"Yabon Kai Jahilci": Nazari a Kan Yadda Bahaushe Yake Gina Kansa da Yadda Yake Auna Shi

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi dattijo Bahaushe aka ce, "Baba, kai wane irin mutum ne?" da wuya ya ba da amsa kai tsaye. Ko dai ya yi murmushi ya ce, "Ai wannan sai dai mutane su faɗa," ko kuwa ya kau da zancen da godiya ga Allah. Amma da za a tambaye shi halin maƙwabcinsa, nan take zai zayyana shi, ya faɗi inda yake da kirki da inda yake da rauni. Wanda bai san al'ada ba sai ya zaci dattijon bai san kansa ba ne, ko kuwa ya raina kansa. Alhali ba haka abin yake ba. Ya san kansa sarai. Abin da ya ƙi shi ne ya zama alƙalin kansa a bainar jama'a, domin tun yana yaro yake jin ana cewa "yabon kai jahilci."

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba tambayoyi uku. Ta farko, da waɗanne kaya mutum yake gina sanin kansa a ƙasar Hausa? Ta biyu, da wane ma'auni yake auna darajar abin da ya gina? Ta uku, wane ne yake da ikon faɗin sakamakon awon? Za a nemi amsa daga harshe, da karin magana, da al'adu, da rubutaccen adabi, sa'an nan a gwada abin da aka samu da ra'ayoyin wasu masana halayyar ɗan Adam. Abin da maƙalar za ta nuna shi ne, Bahaushe yana da ma'auni biyu, watau idon jama'a da zuciya, kuma zaman lafiyar mutum da kansa ya dogara ne ga daidaituwarsu. In ɗaya ya danne ɗaya, sai a sami ko dai bawan ido, ko kuwa mai girman kai.

2.0 Kalmar "Kai" a Bakin Bahaushe

Hausa ba ta ƙirƙiri wata kalma ta dabam ba domin lokacin da mutum ya juyo da magana gare shi. Sunan gaɓar da ke bisa wuya ta ara, ta ce kaina, kanka, kanta, kansu. Wannan aro ya dace, domin kai shi ake ɗagawa in ana alfahari, shi ake sunkuyarwa in an ji kunya, kuma shi yake ɗaukar kaya.

Idan aka tattara maganganun da aka gina a kan wannan kalma, za a ga sun kasu kashi uku. Akwai na yabo, kamar kamun kai, da sanin ciwon kai, da dogaro da kai, da ƙanƙan da kai. Akwai na zargi masu nuna an ɗaga kan sama da matsayinsa, kamar girman kai, da ji da kai, da son kai, da yabon kai. Akwai kuma na zargi masu nuna an yar da shi ƙasa, kamar raina kai da wulaƙanta kai. Abin lura shi ne, maganganun yabon galibi riƙo suke nunawa. Ke nan a tunanin Bahaushe kai kamar doki yake: ba a son a sakar masa linzami, ba a kuma son a bar shi ya rame a turke.

Ya kamata a bambanta ƙanƙan da kai da raina kai, domin sau da yawa baƙin ido sukan rikita su. Mai ƙanƙan da kai ya san nauyinsa, amma bai ɗora wa mutane shi ba, kamar attajirin da zai zauna a tabarma ɗaya da barorinsa su ci tuwo. Mai raina kai kuwa bai san yana da wani nauyi ba, kamar ƙaƙƙarfan saurayin da ya zaɓi maula alhali yana da lafiyar yin sana'a. Na farko ana ce masa mai tawali'u. Na biyu ana cewa zuciyarsa ta mutu, kuma a Hausa zagi ne mai zafi.

3.0 Kayan Gini

3.1 Suna

Abu na farko da mutum yake mallaka ba shi ya zaɓa ba. Ran bakwai ga haihuwa ake yanka rago a raɗa masa suna, sa'an nan mata a cikin gida su laƙaba masa wani, wanda sau da yawa shi yake binsa har kabari. Irin wannan laƙabi taƙaitaccen tarihi ne. Tanko ya san mata ya biyo, Kande ta san maza ta biyo, Gambo ya san a bayan tagwaye ya zo, Auta ya san shi ya rufe ƙofa. Ɗanladi da Talatu da Jummai suna ɗauke da ranar haihuwarsu. Ajuji da Barmani kuwa suna ɗauke da hawayen uwar da 'ya'yanta suka yi ta mutuwa kafin su. Yaron da ya ci sunan kakansa ana sakaya sunan, a riƙa ce masa Abba ko Baba, kuma da ya yi wata ɓarna sai a tuna masa sunan wanda yake ɗauke da shi. Ashe kafin yaro ya iya cewa "ni", an riga an gaya masa ko shi wane ne.

Haka abin yake ci gaba har girma. Malam, da Maigida, da Sarkin Noma, da Uwargida, duk sunaye ne da suke zuwa daga bakin wasu, a lokacin da suka ga mutum ya kai. Wanda ya laƙaba wa kansa malanta tun mutane ba su kira shi da ita ba, abin dariya yakan zama.

3.2 Asali da Sana'a

Tambayar da akan yi wa baƙon yaro ita ce, "Ɗan gidan wane ne kai?" A da ma ba sai an tambaya ba, domin askar wanzami ta riga ta rubuta amsar a fuska, a gane Bagobiri ko Bakabe tun daga nesa. Wasan barkwanci, irin na Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Fulani da Barebari, shi ma yana koya wa yaro ko shi ɗan ina ne ta hanyar nuna masa abokin wasansa.

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya bayyana a wata maƙala ta 1959 cewa sana'a ita ce babbar alamar matsayin namiji a tsakanin Hausawa. Ya nuna bambancin da ake yi tsakanin karda, watau sana'ar gado, da shigege, watau wadda mutum ya shiga da rana tsaka, kuma ta gado ita ta fi kwarjini. Karin magana ya goyi bayan wannan, domin ana cewa "kyan ɗa ya gaji ubansa," da "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Wannan tsari yana da nasa zalunci, domin ya ajiye masu wasu sana'o'i, kamar fawa da kiɗa da roƙo, a ƙasan tsani, har akan hana ɗansu aure ba don wani laifi nasa ba. Sai dai kowace sana'a ta gina nata tsani a cikin gida. Mahauci ba da alƙali yake gwada kansa ba, da Sarkin Fawa yake gwadawa, kuma "kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Duk da haka Bahaushe bai ɗauki asali a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Da ya ɗauka haka, da bai ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba" game da ɗan mutumin kirki da ya lalace. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar 1933, misali ne ta ɗaya fuskar. An raba Umar da uwarsa yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetare hamada da shi, watau ya rasa duk abin da ake kira asali. Amma ilimi da kyawun hali suka gina masa wani sabon matsayi, har ya zama shaihin da almajirai suke zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Ke nan asali jari ne da ake ba mutum. Yana iya juya shi, yana iya cinye shi, wanda bai samu ba kuma yana iya tara nasa.

3.3 Tarbiyya

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," kuma babbar igiyar tanƙwarawa ita ce kunya. Yaro yana ganin uwarsa ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, yana ganin yayansa ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gaban suruki. Daga nan yake fahimtar cewa kowane mutum yana da irin fuskar da ake fuskantarsa da ita: kaka abokin wasa ne, uba abin jin nauyi ne, taubashi abokin tsokana ne. Sanin kai a nan shi ne sanin inda mutum ya tsaya a tsakanin waɗannan duka.

George Herbert Mead, masani ɗan Amurka wanda aka buga darussansa a 1934 bayan rasuwarsa, ya ce yaro yana samun sanin kansa ne ta hanyar shiga rigar wasu a cikin wasa, har ya iya kallon kansa da idonsu. Wanda ya kalli tashe a watan azumi ya ga wannan a fili. Yara sukan manna gemun auduga su zama tsoho, ko su rataya tarkacen magani su zama boka, 'yan mata kuma su kwaikwayi zaman miji da mata. Suna ba mutane dariya, amma a lokaci guda suna koyon yadda jama'a take kallon kowane irin hali, da wanda ake yabo da wanda ake yi wa ba'a.

4.0 Ma'auni na Farko: Idon Jama'a

A 1902 Charles Horton Cooley ya kwatanta sauran mutane da madubi. A ra'ayinsa mutum yakan ƙiyasta yadda ya bayyana a idon wasu, ya ƙiyasta hukuncin da suka yanke masa, sa'an nan ya ji alfahari ko kunya. Bahaushe yana da kalma guda da ta tattara wannan, ita ce mutunci. Kalmar daga "mutum" ta fito, amma abin mamaki ba a hannun mai ita take zaune ba. Mutane ne suke ganin mutuncin mutum, su ne suke kiyaye masa shi, su ne kuma suke iya ci masa shi. Abin da ke hannunsa shi ne ya tsare shi ko ya zubar, kuma an ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa mai suna Mutumin Kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma da Hausawa suke auna nagarta da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan aka duba su da kyau za a ga kusan dukansu ba sa tabbata sai da wani a gefe. Ba a yin karamci sai da baƙo, ba a riƙon amana sai da mai ajiya, ba a yin adalci sai da abokin hulɗa. Babu ƙarfi a cikinsu, babu kyau, babu dukiya. Mutum ba zai shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya tabbatar wa kansa shi mai karamci ne ba. Sai baƙo ya kwana a gidansa ya fita ya faɗa.

Wannan shi ya kawo maganar shaida. Kafin a ba mutum aure akan aika a bincika halinsa a unguwarsu, a wurin maƙwabta da abokan sana'a, ba a wurinsa ba. Ran da ya mutu kuma, babban abin da danginsa suke ƙosawa su ji a wurin zaman makoki shi ne, "Wane ya sami kyakkyawar shaida." Musulunci ya ƙarfafa wannan, domin ya zo a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa an wuce da wata gawa mutane suka yabe ta, aka wuce da wata suka kushe ta, Annabi (SAW) ya tabbatar da shaidarsu a kan kowacce. Ga amsar tambaya ta uku ke nan: sakamakon awo a bakin jama'a yake.

Sai dai ba da kowa mutum yake gwada kansa ba. Leon Festinger ya nuna a 1954 cewa in babu wani tsayayyen ma'auni, mutane sukan auna kansu da waɗanda suka yi kama da su. Hausa tana kiran waɗannan sa'o'i ko tsara. "Ruwa ba sa'an kwando ba ne," saboda haka talaka ba ya rasa barci don sarki ya sayi doki, amma yana iya rasawa don wanda aka yi musu kaciya tare ya sayi keke. Uwa takan zaburar da ɗanta da cewa, "Dubi sa'anka wane." Mafi tsananin wannan gwaji shi ne 'yan ubanci, inda 'ya'yan kishiyoyi suke tashi kowa yana duban abin da ɗan ɗakin can ya samu. Yana sa himma, yana kuma sa hassada da ke raba zumunci.

Ma'aunin mata ya ɗan bambanta, domin an fi auna su da haƙurin zaman aure, da haihuwa, da riƙon zumunci a wurin biki da suna. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, abin nazari ne a nan. Baba ta yi aure sau huɗu ba ta haihu ba, abin da zai iya karya zuciyar mace a wancan zamani. Amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su, ta zama wadda ake neman shawararta. Kuma duk tsawon labarin, in za ta faɗi ko ita wace ce, sai ta bi ta kan iyayenta da mazajenta da ƙawayenta da 'ya'yan riƙonta.

Amfanin idon jama'a a fili yake, domin ya hana ɓarna da yawa a garuruwan da ba su da ɗan sanda ko ɗaya. Illarsa ma a fili take. Tambayar nan, "Me mutane za su ce?" ta sa magidanta cin bashi domin lefe da biki, ta sa mata zama cikin cutarwa shiru, ta sa marasa lafiya ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu. Hausa da kanta ta san wannan, shi ya sa ta ware wata magana ta zargi, watau yin abu "don ganin ido."

5.0 Kirari: Ƙofar da Aka Bari a Buɗe

A nan wani zai iya kawo suka. In da gaske yabon kai jahilci ne, yaya za a yi da kirari? Ɗan dambe yakan tsaya a tsakiyar fage ya ɗaga hannu ya kira kansa da sunayen namun daji da na annoba. Haka mafarauci, haka ɗan tauri, haka manomi a gayya. Manyan makaɗa ma sun yi, domin Narambaɗa da Mamman Shata kowannensu yana da Bakandamiya, waƙar da ya wasa kansa a cikinta ya fifita kansa a kan sauran mawaƙa. A rubutaccen adabi kuma ga Ganɗoki na Bello Kagara, tsaran Shaihu Umar a gasar 1933, wanda jaruminsa yake ba da labarin yaƙe-yaƙensa da bakin bugun gaba.

Idan aka duba sharuɗɗan kirari za a ga bai rushe ƙa'idar ba. Da farko, yana da wuri da lokaci. Ɗan damben da ya cika fage da kururuwa, in ya zo gaishe da surukinsa durƙusawa zai yi ya yi ƙasa da murya, kuma da zai yi kirari a nan sai a ce ya taɓu. Na biyu, ana yin sa ne a inda za a gwada shi nan take. Mai kirari yana gama faɗa abokin karawarsa zai fito, "ga fili ga mai doki." Ɗan tauri yana gama cika baki za a ɗora masa wuƙa. Saboda haka kirari alkawari ne da mutum yake ɗauka a gaban shaidu, yana jinginar da mutuncinsa. In ya cika, makaɗi ya ɗauki sunansa ya kai gari gari, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago. In ya faɗi, kirarin nasa shi zai zama abin yi masa dariya. Har a nan ma hukunci na 'yan kallo ne. Abin da al'ada ta hana shi ne yabon kai a inda babu fage.

6.0 Ma'auni na Biyu: Zuciya

Da idon jama'a shi kaɗai ne ma'auni, da Bahaushe ya zama ganga, kowa ya buga ta yi masa irin amon da yake so. Amma akwai maganganu da suke nuna wani wuri da ido ba ya kaiwa. Ana cewa "zuciyar mutum birninsa," ana cewa "hali zanen dutse," ana kuma gargaɗi da cewa "kowa ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa." Har ila yau an san mutum yana da makanta game da kansa, shi ya sa aka ce "laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani."

Karatun addini shi ya ba wannan ma'auni harshe. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umurni da mugun aiki a Suratu Yusuf, da rai mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da rai mai natsuwa a Suratul Fajri. A Suratun Najmi an hana mutane tsarkake kansu da bakinsu, a Suratul Hujurati kuma an nuna cewa fifiko a wurin Allah da taƙawa yake, ba da dangi ko ƙabila ba. Littafin Ahalari, wanda yake cikin littattafan farko da ɗalibi yake karantawa a makarantar zaure, tun a shafukansa na farko ya lissafa girman kai, da jiji da kai, da riya, da hassada, da ganin fifiko a kan wani, a cikin abubuwan da aka haramta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a littafinsa Ulumul Mu'amala, ya bi sawun Imam Gazali wajen bayyana waɗannan cututtuka na zuciya da maganinsu. Malamai suna kiran wannan aiki muhasaba, watau mutum ya zauna ya yi wa kansa hisabi tun ba a yi masa ba.

Muhimmancin wannan shi ne, riya ita ce ainihin cutar mai bautar ido. Ke nan addinin da ya ƙarfafa shaidar jama'a shi ne kuma ya hana a yi aiki domin neman ta. Mutum zai yi aiki domin Allah, shaida ta biyo baya in ta ga dama. Wannan ne yake ba mai gaskiya ƙarfin tsayawa shi kaɗai ran da gari duka ya juya masa baya.

William James, a littafinsa na 1890, ya kwatanta darajar da mutum yake ba kansa da lissafin rabawa: nasarar da ya samu a raba ta da burin da ya ɗauka. In ana son sakamakon ya ƙaru, ko dai a ƙara nasara ko a rage buri. Bahaushe ya san hanyoyin nan biyu. Ta farko ita ce zuciyar nema, ta biyu ita ce wadatar zuci, kuma ya yi kashedi da cewa "kwaɗayi mabuɗin wahala."

7.0 Sauyin Zamani

Abubuwa uku sun taɓa waɗannan ma'aunai. Na farko kuɗi. Bunƙasar kasuwanci, da kuɗin man fetur da suka shigo Nijeriya a shekarun 1970, sun buɗe hanyar samun girma wadda ba ta bi ta gado ko ta ilimi ba. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a 1986 a kan Alhazan Maraɗi, inda ya nuna yadda fatake suka zama manyan gari. Neman dukiya ba aibi ba ne, amma in aka daina tambayar inda aka samo ta, to, an cire gaskiya da amana daga cikin halaye goman nan.

Na biyu boko da aikin ofis. Shaida ta tashi daga bakin maƙwabta ta koma takarda, har sunanta ma takardar shaida. Mai neman aiki kuma dole ya zauna a gaban waɗanda ba su san shi ba ya lissafa nagartarsa da bakinsa, abin da tarbiyyarsa ta hana shi.

Na uku kafofin sadarwa na intanet, irin su Facebook da TikTok. Idon unguwa ido ne da ya san mutum shekara da shekaru, ya ga fitarsa da shigarsa, ba a iya ruɗinsa da riga ɗaya. Idon waya kuwa abin da aka zaɓa aka nuna masa kaɗai yake gani. Sa'o'in da saurayi yake gwada kansa da su a da ba su wuce na unguwa ba. A waya kuwa dubbai ne, kowa ya nuna ranar sallarsa ya ɓoye ranar yunwarsa. Wannan kirari ne ba fage, yabo ne ba gwaji.

Akwai darasi a nan ga masu bincike. Ma'aunin da Morris Rosenberg ya tsara a Amurka a 1965, mai jimloli goma, yana neman mutum ya faɗi ko ya yarda cewa yana da kyawawan halaye da yawa, ko ya gamsu da kansa. An fassara shi zuwa harsuna masu yawa. Amma Hazel Markus da Shinobu Kitayama sun nuna a 1991 cewa al'ummomi sun bambanta: wasu suna ɗaukar mutum a matsayin tsayayye shi kaɗai, wasu kuwa, kamar Japan, suna ɗaukarsa a matsayin wanda yake ɗaure da jama'arsa. Duk wanda zai kai irin waɗannan tambayoyi ƙauyen Hausa ya kamata ya yi hattara, kada ya rubuta kunya a matsayin raina kai, ko ya rubuta cika baki a matsayin lafiyar zuciya.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Bahaushe yana gina kansa da kayan da wasu suka ba shi, watau suna, da asali, da sana'a, da tarbiyya, amma ginin nasa ne, yana iya gyarawa yana iya rushewa. An ga yana auna kansa da idon jama'a, wanda yake ba da shaida, da kuma zuciya, wadda take yin hisabi a ɓoye. Kirari bai saɓa wa wannan tsari ba, domin alkawari ne da ake cikawa a fage. Abin da ya rage ga manazarta Hausa shi ne su tattara kalmomin da suka shafi kai da zuciya da mutunci a karuruwan harshe dabam-dabam, daga Sakkwato zuwa Damagaram, da kuma bakin mata da matasa, domin a ga waɗanda suke raye da waɗanda ma'anarsu ta sauya. Al'ummar da ta bar 'ya'yanta da ido kaɗai, ba tare da ta koya musu hisabin zuciya ba, za ta tara masu neman a gan su, ta rasa waɗanda za a ba amana.